Gyaran Mama da Dutsen Madam

Godiya, ajiye wayar nan ki zauna. Ku ma ƙawayenta ku matso, tunda tare kuke wannan kasuwar taku ta cikin waya. Jiya da kunnena na ji ki: mata ta kira daga Fatakwal tana son acca, ta tambayi kuɗin aikawa, ko numfashi ba ki ja ba kika yanke mata kuɗi da ka. Yau kin kai kaya an ɗora a sikeli, kin dawo kina cika kina batsewa, wai an cuce ki. Babu wanda ya cuce ki, 'yar nan. Kin sayar wa mata acca, kin kuma biya wa accar kuɗin mota daga aljihunki. Sannu da sadaka!

Ku gani kuke lissafin kuɗin aikawa ba aiki ba ne, wata 'yar magana ce da ake jefawa a ƙarshen ciniki. Ni da wannan lissafin na ci abinci, da shi na sa uwarki a makaranta. Kuma saura ƙiris sana'ar ta kuɓuce mini tun ban riƙe ta da kyau ba, a kan acca cikin tafin hannu. Ku buɗe kunne.

A shekarar tamanin da bakwai na shiga hannun Madam. Mama Emeka ake ce mata a layin 'yan reluwe, amma ni Madam na sani. 'Yar ƙabilar Ibo ce, mijinta direban jirgin ƙasa, sun yi shekara da shekaru a nan Kafanchan. Ba ta da shago, ba ta da tebur a kasuwa. Acca da busasshiyar citta take aikawa ta gidan waya ga mutanen da suka bar garin nan amma bakinsu bai bari ba: ma'aikatan reluwe da aka mayar Inugu ko Legas, matan sojoji 'yan Madakiya da Zonkwa da ke zaune a barikin kudu, da tsofaffi masu ciwon suga da likita ya ce su koma cin acca. Dukansu suna cikin wani littafi mai baƙin bango, suna da adireshi, layi bayan layi. Littafin nan shi ne shagon. Duk wadda ta riƙe shi, ita ke da sana'ar.

Ga yadda cinikin yake, don ku san sauƙin da kuke ciki. Mu rubuta wa mutum wasiƙa, mu ce acca mudu biyu, da ɗinki, da kuɗin aikawa, duka kaza ne. Wasiƙar ta yi mako biyu a hanya. Shi kuma ya je gidan wayar garinsu ya sayi fostal oda, wato takardar kuɗi, daidai abin da muka rubuta, ko kwabo babu a kai. Ita ma ta yi mako biyu kafin ta zo. To in kin yi kuskuren lissafi, wa za ki kira? Da wace waya? Abin da biro ya rubuta ya rubutu. Ko ki haɗiye asarar, ko ki sake rubuta wa dattijo mai cin fansho cewa ya ƙaro, shi ke nan kin rasa shi, kin rasa duk wanda zai ba labari a majami'arsu.

Ƙunshin farko da na ɗinka, wallahi na ji daɗin kaina. Na zuba acca cikin takardar buhun siminti, ta cikin nan mai tsabta, na ninka ta biyu. Na naɗe da ƙyallen buhun fulawa da muka wanke, shi ma biyu. Na kama basilla na bi shi da zare gaba da baya, ko ɓera sai ya yi kwana uku kafin ya shiga. Na kai wa Madam ina jiran yabo. Ta ɗauka ta jijjiga a hannu, ta dube ni. Ita Madam ba ta san "ke" ba, kowa "kai" ne a bakinta.

"Ladi, acca ka ke aika ko tsumma?"

Na ce, "Madam, don kada ya fashe ne."

Ta ce, "Kawo dutse."

Dutsen nan da kuke gani bayan ƙofa, wanda Godiya take tokare ƙyaure da shi ba kunya, shi ne. Madam ta tsinto shi a bakin ruwa wajen Madakiya, ta kai gidan waya aka auna mata, ta dawo ta yi ta goga shi a kan siminti har ya tsaya gab da kilo uku, saura ɗan kaɗan ya cika. Dalili kuwa, kuɗin gidan waya hawa-hawa yake kamar matakala. A yadda ake yi mana lissafi a lokacin, in ƙunshi bai wuce kilo uku ba, kuɗinsa daban. In ya wuce ko da nauyin ƙwayar gyaɗa ne, kuɗin kilo biyar za ki biya. Sikeli ba ya jin "haba Oga". Shi ya sa muke da namu sikeli mai faranti biyu a gida: dutse a wannan gefe, ƙunshi a wancan. Dokar ɗaya ce, kada ƙunshi ya rinjayi dutse.

Nawa kuwa ya rinjaye shi har da ƙara. Madam ta miƙo mini reza ta ce in farke. Ranar na koyi cewa ƙyalle yana da nauyi, zare yana da nauyi, har jan kakin da muke ɗigawa a bakin ɗinki yana da nasa. Mudu biyu na acca, takarda ɗaya, ƙyalle ɗaya, ɗinki layi ɗaya mai ƙarfi, a nan ake tsayawa gab da layi.

Wani ƙunshin citta da muka haɗa da damina ya koya mini wani abu kuma. Mun auna ranar Asabar, dutse ya yi nasara. Muka ajiye a ƙasa kusa da bango. Ranar Litinin muka sake ɗorawa, citta ta yi nasara. Babu wanda ya taɓa shi, raɓa kawai ya sha. Tun daga nan in an shiga watan ruwa sai mu rage 'yan yatsun citta biyu, mu ajiye kaya a kan benci. Haka mudu ma ba ɗaya ba ne. Na kasuwar Zonkwa ya fi na nan ciki, na ƙauyenmu a Kagoma kuwa wani an bubbuga gindinsa, wani an buɗa bakinsa. Madam tana da nata guda ɗaya, ba ta yarda a auna da wani.

Amma babban yaƙina da hannuna na yi shi. Ni 'yar kasuwa ce tun ina goye. Uwata, wadda duk muke kira Mama, doya da hatsi ta sayar duk rayuwarta, kuma a wurinmu ba a auna wa mutum mudu a tsaya nan. Sai an tara masa kai, sannan a ɗebo da hannu a ƙara a ce, "Ga gyara." Wadda ba ta gyara, sunanta marowaciya har jikokinta. To ni in na zuba mudu na biyu, hannuna da kansa yake komawa buhu, ban ma sani ba. Sai in ji ƙwas! Madam ta buge mini bayan hannu da mudu.

"A kasuwa gyara kyauta ne," in ji ta. "A nan gyara yana shiga mota, kuma sai an biya masa kujera. Kai za ka biya?"

Wata uku hannuna yana shan mudu kafin ya yi hankali. Dokarta ta ƙarshe kuma, wadda take maimaitawa har na gaji da ji: awon gaskiya bayan ɗinki ake yin sa. Kin auna kafin ɗinki, kin kyauta. In an ɗinke, a sake ɗorawa. Ko Fasto ne ya ɗinka, a sake ɗorawa.

Shekarar wahala a farkon shekarun casa'in ta zo. Kaya suna tashi kamar ana hura musu wuta. Ki sayi zare yau, jibi ki koma kuɗin ya canja. Sau ɗaya ma kuɗin aikawa ya ƙaru alhali wasiƙunmu suna hanya da tsohon lissafi. Madam ta aika kayan haka nan, ta ɗauki asarar ba ta rubuta wa kowa ba. Ribar da ke kan kowane ƙunshi ta koma 'yar mitsitsiya. A cikin wannan hali mijinta ya yi ritaya, suka fara ɗaure kaya za su koma gida bayan Kirsimeti.

Ta kira ni ɗakinta, akwatuna ko'ina, littafin nan yana kan cinyarta. Ta ce matar ɗan'uwan mijinta tana son littafin, ta ma yi magana sau biyu. Ta ce amma waccan ba ta san acca ba, ni na sani. Sai dai sanin acca daban, riƙe mutane daban.

"Kayan Kirsimeti mutum talatin da biyu ne," in ji ta. "Kuɗinsu ya zo. Ga shi. Ni ba zan taɓa ko zare ba. Ranar Alhamis motar gidan waya tana tashi ƙarfe biyu, ita ce ta ƙarshe da za ta kai kaya kafin Kirsimeti. Ka kawo mini rasit talatin da biyu. Kada ƙunshi ɗaya ya kwana, kada ka dawo ka ce kuɗi bai kai ba. In ka yi, littafi naka ne. In ba ka yi ba, kada ka yi fushi da ni."

Na ce, "Madam, an gama." Kuma har zuciyata na faɗa, don na san aikina.

Na aika Kagoma aka ɗauko Mama a kan babur ta zo ta taya ni. Ku da kuke sayen acca a leda ba ku san wahalarta ba. Sabuwar acca cike take da yashi, kuma ƙwayarta da ta yashin kusan girmansu ɗaya. Sai an surfa, an sheƙe, an rairaye, an shanya ta bushe ƙarau. A wannan aiki babu kamar Mama a duk ƙauyenmu. Kwana huɗu muna yi. Ranar Laraba da safe na zauna na auna mudu bibbiyu cikin takarda talatin da biyu. Kowace ɗaya na ɗora ta a sikeli tare da ƙyallenta da zarenta, dutse ya yi nasara sau talatin da biyu. Na rubuta adireshi a kan kowane ƙyalle, na jera su a kan benci baki buɗe. Sai na ga zare ba zai kai ba, kakin ma ya ƙare. Na ce wa Mama ta huta, zan shiga kasuwa in dawo.

A kasuwa na daɗe, don sai da na zaga rumfa biyar kafin in sami zare a kuɗin da ba zai kashe ni ba. Na dawo da la'asar, me zan gani? Mama ta warware zaren wani tsohon buhu, ta ɗinke ƙunshi talatin da biyu tsaf, ɗinki layi ɗaya kamar yadda na nuna mata, ta jera su kamar 'yan kwayar majami'a ranar Lahadi. Na yi tsalle na rungume ta. Na ɗiga kaki a bakin kowanne. Dutse yana nan a gefe yana kallona, ni ma na kalle shi. Na ce a raina, ai na auna da safe, me zai canja? Ga gajiya, ga bayana yana ciwo. Ban sake ɗorawa ba. Wannan laifin nawa ne, ba na kowa ba, kuma har gobe ba na ɗora wa wani.

Ranar Alhamis wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka isa gidan waya da kaya a amalanke, ni da Mama. Layi har waje, kowa yana aika katin Kirsimeti. Kuɗin aikawa yana ƙulle a bakin zanena, na kilo uku sau talatin da biyu, daidai wa daida. Mai karɓar kaya a lokacin wani dattijo ne, Malam Yohanna, mutumin kirki mai tabarau a kan hanci, amma a kan sikeli ko uwarsa ba ya ragawa. Ya ɗauki na farko ya ɗora. Allurar ta tafi, ta tafi, ta taɓa uku, ta ɗan leƙa gaba kamar faɗin farce.

Ya ce, "Ladi, wannan ya wuce."

Na yi dariya na ce, "Haba Malam, sikelinku ya sha sanyi ne. Ɗora wani."

Ya ɗora na biyu. Faɗin farce. Na uku, faɗin farce. Ya ɗauko daga ƙasan amalanke, duk kanwar ja ce. Ya cire tabarau ya ce, "'Yata, duka kuɗin kilo biyar ne. Ni ba ni na yi sikelin ba."

Na ji tsoro ranar, tsoro na gaske. Bambancin da ke tsakanin uku da biyar sau talatin da biyu, ko na sayar da keken ɗinkina ba zan haɗa shi kafin ƙarfe biyu ba. In koma wurin Madam in ce kuɗi bai kai ba, littafi ya tafi. In bar kaya su kwana, littafi ya tafi. Na juya na dubi Mama. Tana tsaye ta harɗe hannu, tana kallon rufin ɗaki kamar ba da ita ake ba. A nan na gane.

Da yarenmu muka yi maganar, amma ga abin da aka ce. Na ce, "Mama, me kika sa a ciki?"

Ta ce, "Gyara na sa. Tafi ɗaya-ɗaya."

"Mama! Kin kashe ni!"

"Ke ce za ki kashe ni da kunya," in ji ta, ko gezau. "Mutum yana can wata uwa duniya, ya tuna da abincin gida, ya aiko kuɗinsa tun bai ga kaya ba. Ke kuma ki aika masa mudu a aske kamar kan ɗan makaranta, a ranar haihuwar Ubangiji? Su buɗe su ce 'yar wace ce wannan? Accar da na rairaye da hannuna ba za ta shiga gidan mutane tsirara ba."

Mutanen layi sun zuba mana ido. Wata mata a bayana da ta ji yaren ta ce, "Gaskiyar Mama ne fa." Na ce mata, "Anti, in gaskiyarta ce kawo kuɗin kilo biyar."

Ban tsaya kuka ba, don kuka ba ya rage nauyi. Na roƙi Malam Yohanna abu ɗaya: in na gyara kaya, ya bar ni in riƙa miƙowa ta gefe ba sai na sake bin layi ba. Ya dubi agogo ya ce ya yarda, amma ƙarfe biyu saura kwata zai rufe buhu, ko na gama ko ban gama ba. Muka tura amalanke gindin mangwaron da ke gaban gidan wayar. Reza da basilla da sabon zaren nan suna cikin jakata, wannan kam Madam ta koya mini, ba a zuwa gidan waya hannu rabbana. Matsalar ita ce sikelina da dutse suna gida. In na rage da yawa na cuci mai saye, mudunsa bai cika ba. In na rage kaɗan, aikin banza.

Sai na dubi hannun Mama. Na ce, "Hannun da ya zuba, shi zai kwashe. Tara tafinki."

Ta ce Allah ya kiyaye, ita ba ta taɓa ba mutum gyara ta karɓe ba. Na durƙusa a gabanta a bainar jama'a. Na ce, "Mama, in motar nan ta tashi babu kayan nan, mutum talatin da biyu ba su da gyara, ba su da mudu, ba su da gwaten accar Kirsimeti. Ni kuma ba ni da sana'a." Sannan ta kwance mayafinta ta shimfiɗa a ƙasa, ta zauna, ta haɗa tafin hannu biyu ta miƙo, ta kawar da kai gefe.

Haka muka yi. In farke kusurwa ɗaya daidai shigar yatsa uku, in ɓula takarda, in tsiyaya a tafin Mama har ta ce "ya isa", ta juye a mayafi, in ninke takarda, in ɗinke, in ruga in miƙa. Na farko Malam Yohanna ya ɗora, allura ta tsaya ƙasa da uku. Na biyu, wuri ɗaya. Na goma, wuri ɗaya. Ya leƙo ta taga ya ce, "Mama, hannunki ya fi sikelin nan gaskiya." Mama ba ta ko dube shi ba. Matar nan da na yi wa baƙar magana a layi, Allah ya saka mata, da ta gama aika katinta sai ta zo ta zauna tana zura mini zare a basilla. Basilla ta soke ni ya fi sau goma, ina tsotse jinin ina ci gaba don kada ya ɓata adireshi. Direban motar ya zo ya tayar da inji muna kan na ashirin da tara. Na ƙarshe kuwa Malam Yohanna yana riƙe da bakin buhu da hannu ɗaya ya manna masa kan sarki da ɗayan. Ya ƙirgo mini rasit talatin da biyu. Kuɗin da ke bakin zanena ya ƙare tas, bai rage ba, bai gaza ba.

Na koma gindin mangwaro na zube. Mama ta ƙulle mayafinta, accar da ke ciki ta fi mudu biyu. Na ce mu kai gida mu yi tuwo. Ta ce, "Ba tamu ba ce. An riga an bayar. Ba ta shiga tukunyata."

Daga nan gidan Madam muka wuce. Tana zaune a kan akwati. Na miƙa rasit, ta ƙirga sau biyu tana lasar yatsa. Ta dubi yatsuna duk huji, ta dubi ƙullin da ke kan Mama.

"Wannan fa?"

Da na so, da na ce saura ce. Amma wadda za ta ba ki littafi ba a fara mata da ƙarya. Na faɗa mata komai, har da cewa ban sake ɗorawa bayan ɗinki ba. Ta ɗaure fuska. Ta ce, "Sau nawa na gaya maka?" Na ce ba ya ƙirguwa. Na riga na sallama littafin a raina.

Sai Mama ta sauke ƙullin a gaban Madam, ta yi magana da Hausarta ta kasuwa. "Madam, yarinya ba shi da laifi, ni ne na sa. Amma ni ma ina da tambaya. Shekara nawa kina aika wa mutane abinci, ko sau ɗaya ba ki taɓa sa gyara ba?"

Madam ta ce, "Mama, gidan waya ba ya ba ni gyara."

Mama ta ce, "To ni na ba ki. Gyaran mutum talatin da biyu ne. Ki tafi da shi garinku. A jirgi ai babu mai auna tafin hannu."

Madam ta sunkuya. Ta kwance ƙullin, ta ɗebi accar tana murzawa a yatsa tana neman yashi, ba ta samu ko ɗaya ba. Ta ɗauko littafin, ta buɗe shafin ƙarshe, ta ɗauki biro ta yi rubutu a hankali. Sannan ta miƙo mini. Na duba, sunanta ne da adireshin ƙauyen mijinta, a layi na ƙarshe, ƙarƙashin sauran masu saye.

"Wanda ya yi kuskure ya gyara kafin mota ya tashi, ya iya aiki," in ji ta. "Mudu biyu duk wata. Nawa ne, da kuɗin aikawa?"

Na buɗe baki zan faɗa da ka, sai na kama kaina. Na ce, "Sai na auna, Madam. Zan rubuto miki."

Ta yi dariya har da tafi, ta ce in ɗauki dutsen da sikelin ma, sun yi mata nauyi a kaya.

Maganar Mama kuwa ba ta bar ni ba. Bayan sabuwar shekara na zauna da sikeli na yi ta gwaji. Na sami wani farin yadi mara kauri da ya fi buhun fulawa sauƙi kuma ba ya yagewa, na rage girman takarda, na daina ɗiga kaki kamar ina zuba miya. Abin da na rage wa tsumma, na mayar wa mutum. Daga shekarar nan duk ƙunshin da ya fita daga hannuna yana da gyaransa rabin tafi a ciki, kuma bai rinjayi dutse ba. Mutanen littafi suka ƙaru, don wanda ya buɗe ya ga mudunsa da kai, sai ya gaya wa maƙwabci. Ba a hana gyara ba, 'yan nan. A sa shi cikin lissafi tun kafin a buɗe baki, shi ke nan.

Saboda haka, Godiya, gobe kafin ki amsa wa kowa a wayar nan, ki zuba kayan a kwalinsa, ki naɗe da salatif ɗinki, ki auna, ki tambayi masu mota inda kuɗinsu yake hawa, sannan ki yi magana. In an matsa miki, ki ce sai kin auna. Babu wanda ya taɓa mutuwa don ya jira minti goma. Kuma ki ɗauke mini dutsen nan daga bakin ƙofa ki ɗora shi a kan tebur.

Shekara tara ina aika wa Madam accarta duk wata, har aka rubuto mini cewa ta huta. Kuɗin kilo uku take aikowa, daidai yadda na rubuta mata. Ni kuma in na zo kan nata, sai in kira Mama ta zuba da tafinta biyu, cike, yadda ranta yake so. In kai gidan waya, Malam Yohanna ya ce ya wuce, in ce na sani, in ciro cikon daga bakin zanena. A duk sana'ata, ƙunshin nan ne kaɗai na bari ya rinjayi dutse.